Yadda Ake Lissafa Mamayar Risefta da Yadda Ake Auna Ta a Ɗakin Gwaji

Magani ko homon yawanci ba ya aiki sai ya kama wani furotin da ke jiransa a jikin ƙwayar halitta ko a cikinta. Wannan furotin shi ne risefta, abin da ke kama shi kuma ligan. Kason riseftocin da ligan ya kama a wani lokaci shi muke kira mamaya. Idan riseftoci 100 ne, 40 suna riƙe da ligan, mamaya kashi 40 ce cikin ɗari. Abu biyu ne ke yanke wannan kaso: yawan ligan da ke sake a ruwan da ke kewaye da risefta, da ƙarfin riƙon da ke tsakaninsu. Lissafin gajere ne, amma ana yawan kuskure wajen lambar da ake zuba masa, don haka nan za mu fi tsayawa.

Da farko ka fahimci Kd

Ligan ba ya kama risefta ya zauna ke nan. Kamawa yake yi yana saki. Saurin kamawa ana rubuta shi kon, saurin saki kuma koff. Idan aka bar su suka ɗau lokaci tare, za a kai wani matsayi da adadin masu kamawa a kowace daƙiƙa ya yi daidai da adadin masu saki. Wannan shi ne daidaito, kuma a nan ne ake samun

Kd = koff ÷ kon

Ma'aunin Kd mola (M) ne, kamar yawan ligan ɗin kansa. Mafi yawan magunguna Kd ɗinsu yana faɗawa tsakanin nanomola (nM) da maikuromola (µM). Ƙaramin Kd na nufin riƙo mai ƙarfi: ligan mai Kd na 1 nM ya fi mai 100 nM riƙo sau ɗari. Ɗalibai kan juya wannan, su ɗauka babbar lamba ita ce ƙarfi. Idan kana son lambar da ke hawa tare da ƙarfi, yi amfani da pKd, wato −log Kd: 1 nM ya zama 9, 1 µM ya zama 6. Ɗaya daga cikin riƙo mafi ƙarfi da aka sani ba tare da haɗin dindindin ba shi ne na bayotin da furotin sitireftabidin, wanda Kd ɗinsa ke wajen 10⁻¹⁴ M.

Ƙa'idar lissafi

Mamaya = [L] ÷ ([L] + Kd)

[L] shi ne yawan ligan sakakke. Ana danganta wannan ƙa'ida ga A. V. Hill da Irving Langmuir, kuma A. J. Clark ne ya kafa ta a ilimin magunguna a shekarun 1920 da 1930. Ba lamba ɗaya ce ke da muhimmanci ba, rabon [L] da Kd ne. Ga lambobin da ya kamata su zauna maka a ka:

- [L] kashi ɗaya cikin goma na Kd: mamaya kusan kashi 9
- [L] daidai da Kd: kashi 50
- [L] ninki 3 na Kd: kashi 75
- [L] ninki 9: kashi 90
- [L] ninki 99: kashi 99

Dubi yadda abin ke tafiya. Daga kashi 10 zuwa kashi 90 sai an ninka ligan sau 81. Daga kashi 90 zuwa 99 sai an sake ninkawa sau 11, ribar kuma kashi 9 kacal. Idan kuma mamayar ce ka riga ka zaɓa kana neman yawan ligan da zai kai ka can, juya lissafin:

[L] = Kd × mamaya ÷ (1 − mamaya)

Kana son kashi 80 da ligan mai Kd na 5 nM? 5 × 0.8 ÷ 0.2 = 20 nM.

Daga gwajin jini zuwa mamaya

Sakamakon gwajin jini yakan zo a ng/mL, Kd kuwa a nM. Dole ka mai da su ma'auni ɗaya. Ninka ng/mL da 1000, ka raba da nauyin molekul. Maganin da nauyin molekul ɗinsa 400 ne, aka same shi 20 ng/mL a ruwan jini: 20 × 1000 ÷ 400 = 50 nM.

Kada ka yi gaggawar saka 50 a cikin ƙa'idar. Wannan jimilla ce, ta haɗa da maganin da ke maƙale da furotin na jini irin su albumin, kuma wanda ke maƙale ba ya iya kama risefta. Wasu magunguna kusan duka a maƙale suke. Wafarin wajen kashi 99 cikin ɗari ne. A ce namu maganin kashi 95 ne a maƙale. Sakakke kashi 5 ne, wato 50 × 0.05 = 2.5 nM. Idan Kd 1 nM ne, mamaya 2.5 ÷ 3.5 = kashi 71. Da ka yi amfani da jimillar, da ka samu kashi 98, kuma da ka yanke hukuncin cewa ƙarin magani ba zai ƙara komai ba, alhali akwai sauran fili mai yawa.

Akwai kuma tambayar inda riseftan yake. Idan a ƙwaƙwalwa ne, akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, da furotin masu tura magani waje irin su P-gp, don haka sakakken magani a can yana iya yin ƙasa sosai da na jini. Shi ya sa ake auna mamaya kai tsaye da hoton PET, wanda ke nuna inda sinadari mai alama ya taru a cikin jiki. Da irin wannan hoto aka nuna cewa tsofaffin magungunan asibiti na taɓin hankali suna aiki ne idan sun mamaye wajen kashi 65 zuwa 80 na riseftan dofamin D2, idan kuma aka haura kashi 80 sai illolin motsi, irin su sandarewar jiki da karkarwa, su yawaita. Yi lissafin tazarar da kanka: kashi 65 na buƙatar ninki 1.9 na Kd, kashi 80 ninki 4. Tsakanin fara aiki da fara illa ninki biyu ne da ɗan kaɗan. Wannan ya isa ya nuna me ya sa ake ƙara irin wannan magani sannu-sannu.

Lissafin nan yana kuma bayyana dalilin da wasu magunguna ke daɗe da aiki bayan sun ragu a jini. Fara da [L] ninki 30 na Kd, mamaya kashi 97. Rabinsa ya fita daga jini, saura ninki 15, mamaya 94. Rabi ya sake fita, 88. Sai 79, sai 65, sai a karo na biyar ne za ta sauka ƙasa da rabi, 48. Magani ya ragu sau 32, mamaya kuwa rabi kawai ta rasa.

Kafin ka yi sha'awar cika risefta da yawan magani, ka tuna da sauran riseftocin. Ligan mai Kd na 1 nM a inda ake so da 100 nM a inda ba a so: a 9 nM yana kama kashi 90 na farko da kashi 8 na biyu. A 99 nM yana kama kashi 99 na farko da kusan kashi 50 na biyu. An sayi kashi 9 na amfani da kashi 42 na illa.

Yadda ake auna Kd: gwajin cikawa

Hanyar da ta fi daɗewa ita ce amfani da ligan mai alamar rediyo, wato mai ɗauke da atom mai fitar da tururin nukiliya da inji ke iya ƙirgawa, yawanci tiritiyam ko ayodin-125, a kan tantanin ƙwayoyin halitta masu ɗauke da riseftan. Aikin rediyo sai da izini da horo da wurin zubar da shara na musamman. Tsarin tunanin bai canza ba ko da alamar haske aka yi amfani da ita.

Mataki na 1, haɗa ruwan gwaji. Wanda aka saba shi ne Tris-HCl 50 mM a pH 7.4, ana ƙara masa gishirin magniziyam ko sodiyam gwargwadon riseftan. Daidaita pH a zafin da za ka yi gwajin, domin pH na Tris yana sauka idan zafi ya hau. Kd da aka auna a digiri 4 ba lallai ya zama na digiri 37 ba, kuma sodiyam yana rage riƙon masu kunnawa, wato ligan da ke sa risefta ya aika saƙo, a riseftoci da dama masu aiki da furotin G, furotin da ke isar da saƙon cikin ƙwayar halitta. Rubuta yanayin duka, domin Kd ba shi da ma'ana idan ba a faɗi yanayin da aka auna shi ba.

Mataki na 2, rage yawan risefta. Ƙa'idar da muka rubuta a sama tana ɗauka cewa ligan da risefta ya kama bai taɓa yawan sakakke ba. Wannan gaskiya ne kawai idan abin da aka kama bai wuce kashi 10 na abin da aka zuba ba, wanda a aikace ke nufin yawan risefta ya kasance ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na Kd. Ga yadda za ka duba. Tantani mai risefta 500 fmol (femtomol, wato 10⁻¹⁵ na mol) a kowane miligiram na furotin, ka zuba maikurogiram 20 a cikin 0.5 mL: fmol 10 ke nan a rabin mililita, wato 0.02 nM. Ga ligan mai Kd na 1 nM lafiya lau. Ga mai Kd na 0.05 nM ya yi yawa. Rage furotin ko ka ƙara yawan ruwan gwaji.

Me ke faruwa idan aka yi watsi da wannan? A ce risefta 2 nM, ligan da aka zuba 2 nM, Kd 1 nM. Gajeren lissafi zai ce kashi 67. Gaskiyar kuwa sai an bi cikakkiyar ƙa'ida, inda R jimillar risefta ce, L jimillar ligan da aka zuba, [RL] kuma kamamme:

[RL] = {(R + L + Kd) − √[(R + L + Kd)² − 4 × R × L]} ÷ 2

Jimillar 5 ce, 25 − 16 = 9, tushensa 3, (5 − 3) ÷ 2 = 1 nM. Mamaya kashi 50 ce, domin risefta ya shanye rabin ligan ɗin, sakakke ya koma 1 nM. Idan risefta ya fi Kd yawa nesa ba kusa ba, abin da za ka karanta a matsayin Kd rabin yawan riseftan ne kawai, ba ƙarfin riƙo ba. Masu aiki da garkuwar jiki da sauran ligan masu riƙo na fikomola su suka fi faɗawa wannan rami.

Mataki na 3, gano tsawon lokacin jira. Saurin kaiwa daidaito shi ne kobs = kon × [L] + koff, rabin lokacin kuma 0.693 ÷ kobs. Ninki biyar na rabin lokaci yana kai ka kashi 97 na daidaito. Ɗauki ligan mai kon na 10⁸ a kowace mola a minti, koff na 0.01 a minti, wato Kd 0.1 nM. A 1 nM, kobs 0.11 ne, rabin lokaci minti 6.3, rabin awa ya wadatar. A 0.01 nM kuwa kobs 0.011 ne, rabin lokaci minti 63, sai ka jira fiye da awa biyar. Bututun da ke da ligan mafi ƙanƙanta shi ke yanke lokacin jira, ba mai yawa ba. Wanda ya tsayar da gwaji bayan awa ɗaya zai ga ƙananan bututun ba su cika rabonsu ba, layin zanen kamu da yawan ligan ya karkata dama, Kd ya fito babba fiye da gaskiya. Don haka kafin babban gwaji, yi ƙaramin gwajin lokaci da mafi ƙarancin yawan da za ka yi amfani da shi, kana aunawa har lambar ta daina hawa. Idan jiran zai yi tsawo, ƙara masu hana narkewar furotin don kada riseftan ya lalace kafin a gama.

Mataki na 4, shirya jerin yawan ligan. Matakai 10 zuwa 12, daga kashi ɗaya cikin goma na Kd da kake zato zuwa aƙalla ninki goma. Tsarma shi daki-daki, kana raba yawan biyu ko uku a kowane mataki, kana canza bakin fifet kowane karo. Ligan masu son maiƙo suna maƙewa a jikin roba, sai abin da ke cikin ruwa ya gaza abin da ka rubuta. Bututu marasa kama furotin ko albumin kashi 0.1 cikin ɗari suna rage wannan. Kada ka amince da lissafin tsarmawa shi kaɗai. Ɗebi kaɗan daga kowane mataki ka ƙirga shi kai tsaye, ka yi amfani da lambar da injin ya ba ka.

Mataki na 5, ware maƙewar gefe. Ligan ba risefta kaɗai yake kamawa ba. Yana maƙewa a maiƙon tantani da takardar tacewa da bangon bututu. A kowane mataki yi jeri biyu, kowanne bututu biyu ko uku. Jeri na farko ligan mai alama da tantani kawai, wannan jimilla ce. Jeri na biyu a ƙara ligan marar alama, ninki 100 zuwa 1000 na Kd ɗinsa, ya toshe riseftocin duka. Abin da ya rage shi ne maƙewar gefe. Jimilla a cire maƙewar gefe shi ne kamun risefta na gaskiya. Ya fi kyau marar alamar ya kasance wani sinadari dabam mai kama risefta ɗaya, ba tagwayen mai alamar ba, domin tagwaye zai kore shi har daga wasu wuraren da ba risefta ba, ka ƙirga su a matsayin risefta. Maƙewar gefe tana hawa a miƙe tare da yawan ligan, ba ta cika. Idan ta haura rabin jimilla a kusa da Kd, sakamakon ba abin dogaro ba ne, gara a gyara yanayin kafin a ci gaba.

Mataki na 6, raba kamamme da sakakke. Ana tace ruwan ta takardar zaren gilashi, GF/B ko GF/C, da injin zuƙo, a wanke sau uku ko huɗu da ruwan gwaji mai sanyin ƙanƙara. Jiƙa takardar tun farko a cikin foliyetilinimin kashi 0.3 zuwa 0.5 yana rage maƙewar ligan masu cajin fositib. Sanyin da saurin duk don a hana saki ne, domin da zarar ka cire sakakken ligan daidaito ya rushe, kamamme ya fara fita. A gama wankin cikin daƙiƙa 10 zuwa 15. Ligan mai raunin riƙo yakan saki da sauri har wanki ya tafi da shi. Irin wannan sai a yi amfani da injin juyawa a tara tantanin a ƙasan bututu, ko hanyar da ba ta buƙatar rabawa kwata-kwata.

Mataki na 7, mai da ƙirga zuwa fmol. Kuri (Ci) ɗaya, ma'aunin ƙarfin rediyo, daidai yake da 2.22 × 10¹² dpm, wato adadin atom da ke fashewa a minti. Ligan mai ƙarfin rediyo 80 Ci/mmol yana ba da wajen dpm 178 a kowane fmol. Fmol 10 da muka lissafa a sama za su ba da kusan dpm 1780 idan riseftocin sun cika. Ka tabbata injin dpm yake ba ka ba cpm ba, domin cpm abin da injin ya iya ƙirgawa ne kawai. Ga tiritiyam injin yakan kama rabi ko ƙasa da rabin abin da ke fita.

Mataki na 8, dace lambobin da ƙa'idar B = Bmax × [L] ÷ ([L] + Kd), inda B shi ne kamun risefta na gaskiya, ta manhajar da ke dace lanƙwasasshen layi kai tsaye. Za ka samu Kd da Bmax, wato jimillar riseftoci. Zanen Scatchard na 1949 yana da kyau wajen nunawa, amma kada a ciro lambobi daga gare shi: kamamme yana bayyana a gefe biyu na zanen, kuskuren aunawa yana shiga sau biyu. Idan layinka bai kwanta a sama ba, ba ka kai cikawa ba, Bmax da manhajar ta bayar hasashe ne, kuma Kd yana bin sa a kuskure.

Idan ligan biyu suna takarar wuri ɗaya

Kujera ɗaya ce, masu son zama biyu. Gaddum ya rubuta ƙa'idar a 1937, inda A da B su ne ligan biyun, KA da KB kuma Kd ɗin kowannensu:

Mamayar A = [A] ÷ ([A] + KA × (1 + [B] ÷ KB))

B bai canza ƙarfin riƙon A ba, sai dai ya sa A ya zama kamar mai rauni da ninkin (1 + [B] ÷ KB). A yana daidai da KA, mamaya kashi 50. Zuba B ninki 9 na KB, mamayar A ta faɗi zuwa kashi 9. Ninka A sau goma, ta dawo 50. Haka naloksan ke korar mofin daga riseftansa, kuma tun da naloksan ya fi wasu magungunan ofiyam saurin fita daga jiki, numfashin majiyyaci yana iya sake danƙarewa bayan ya farfaɗo, shi ya sa ake ci gaba da sa masa ido.

Da wannan takara ake auna ƙarfin riƙon sinadarin da ba shi da alama. A tsayar da mai alama a yawa ɗaya kusa da Kd ɗinsa, a riƙa ƙara marar alama, a ga yawan da ya rage kamu da rabi. Wannan shi ne IC50, kuma ba lamba ce tsayayya ba, tana hawa idan aka ƙara mai alama. A gyara ta da ƙa'idar Cheng da Prusoff ta 1973:

Ki = IC50 ÷ (1 + [L] ÷ Kd)

IC50 30 nM, mai alama 2 nM, Kd ɗinsa 1 nM: Ki = 30 ÷ 3 = 10 nM. Ki ake kwatantawa tsakanin ɗakunan gwaji, ba IC50 ba. Gyaran yana aiki ne kawai idan wuri ɗaya suke takara, an kai daidaito, kuma risefta bai shanye ligan ba. Ka kuma ƙara lokacin jira, domin mai takara yana jinkirta daidaito.

Mamaya ba ita ce amsar jiki ba

Kada ka ɗauki EC50, yawan da ke ba da rabin aiki, ka saka shi a gurbin Kd. Mai toshewa, wato ligan da ke kama risefta ya hana wani kamawa, yana iya mamaye kashi 99 bai kunna komai ba. Mai kunnawa mai ƙarfi kuma yana iya kai tsoka ƙarshen motsinta da ɗan ƙaramin kaso na riseftoci, domin saƙon yana ninkuwa a cikin ƙwayar halitta. Stephenson ya bayyana wannan a 1956, kuma shi ake kira rarar risefta. A inda take, EC50 yana ƙasa da Kd, wani lokaci sau goma ko ɗari, kuma yana canzawa daga wata gaɓa zuwa wata gwargwadon yawan riseftocinta. A mahaɗar jijiya da tsoka, sai an toshe wajen kashi 75 na riseftocin asetilkolin kafin ƙarfin motsin tsoka ya fara raguwa. Majiyyacin da ke farfaɗowa daga maganin sassauta tsoka yana iya motsawa daidai alhali yawancin riseftocinsa a toshe suke, kuma ɗan ƙarin abu kaɗan ya isa ya mai da shi baya.

Abu na ƙarshe da za ka duba shi ne gangaren layin. Saka n a ƙa'idar: mamaya = [L]ⁿ ÷ ([L]ⁿ + Kⁿ), ka bar manhaja ta nemo shi. Idan n ya kusa 1, wuri iri ɗaya ne, duk lissafin da ke sama ya tsaya. Idan ya haura 1, kamun farko yana sauƙaƙa na gaba, kamar himogulobin da iskar oksijin inda n ke wajen 2.7. Idan n 2 ne, tazarar kashi 10 zuwa 90 tana raguwa daga ninki 81 zuwa 9. Amma kafin ka sanar da haka, koma mataki na 2 da na 3, domin shanye ligan da rashin kaiwa daidaito duk suna iya ƙara gangaren layi a ƙarya. Idan n ya gaza 1, kamar 0.6, yawanci riseftoci iri biyu ne masu Kd mabambanta, ko risefta ɗaya mai yanayi biyu. Ga masu aiki da furotin G akwai gwaji mai sauƙi: ƙara GTP, sinadarin da furotin G ke kamawa, ko makamancinsa marar narkewa, ka sake gwajin takarar. Idan ligan mai kunnawa ne, layin zai matsa dama gangarensa ya kusanci 1, domin yanayin mai ƙarfin riƙo ya ɓace; na mai toshewa kuwa kusan ba ya motsi.